Shekarar 1903 A Gindin Dutsen Kwatarkwashi

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta taso daga Zariya, ta ratsa Funtuwa, ta nufi Gusau, ya san dutsen Kwatarkwashi. Da an wuce Tsafe aka taɓa tafiya sai a hango shi ya tokare sama, ba ya kuwa ɓace wa matafiyi sai ya yi kusa da Gusau. Yawancinmu mu kan dube shi ne kurum, mu yi mamakin ikon Allah, mu wuce. Kaɗan ne daga cikinmu suka san abin da ya auku a gindinsa cikin shekarar 1903, watau ƙarshen 1320 da farkon 1321 na Hijira. Muna so mu ɗan bayyana labarin wannan shekara, domin a cikinta ne manyan ƙasar nan suka rabu kashi uku a kan abin da ya kamata a yi da Turawa. Waɗansu suka ce a yi yaƙi, waɗansu suka ce a yi hijira, waɗansu kuwa suka ce a zauna a bi. Abin mamaki, dukan kashin nan uku sai da ƙurarsu ta tashi a wannan ƙasa ta Gusau da Tsafe da Bungudu.

Yadda Ƙasar Ta Ke Kafin Zuwan Turawa

Kafin mu shiga labarin shekarar, ya kamata mu san ƙasar tukuna. Kwatarkwashi tsohuwar sarauta ce ta kan dutse, ta riga Gusau kafuwa da nisa. A zamanin da, wannan yanki duka gefen ƙasar Katsina ne ta wajen yamma, babban garinsa kuwa shi ne 'Yandoto, garin malamai, wanda almajirai su ke zuwa daga nesa neman ilmi. Da aka ta da jihadi a 1804 malaman 'Yandoto suka ƙi bin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, har Muhammadu Bello ya zo ya ci garin wajen 1806. Daga watsewar 'Yandoto ne Malam Sambo ɗan Ashafa da jama'arsa suka kafa Gusau, shi ya sa har yau a ke ce wa sarkin garin Sarkin Katsinan Gusau. Sarautar 'Yandoto kuwa ta koma Tsafe, sabo da haka a ke cewa 'Yandoton Tsafe. Bungudu kuma, wadda ke yamma da Gusau a kan hanyar Sakkwato, sarkinta Sarkin Fulani ne. Ashe sunayen sarautun nan kaɗai sun isa su koya wa yaro tarihin ƙasarsa, in ya sami mai yi masa bayani.

Cikin shekaru kusan ɗari da suka biyo bayan jihadi ƙasar nan ba ta sami zaman lafiya sosai ba. Katsinawan da suka gudu suka kafa Maraɗi, da Gobirawan Tsibiri, ba su daina kawo hari ba. Gusau ta zama ribaɗi, watau garin tsaron iyaka. A irin wannan zamani ba abin da ya fi dutse da ganuwa daraja. Doki ba ya hawa dutse, mai lifidi kuwa in ya sauka daga dokinsa ya zama abin tausayi. Mutanen da ke da dutse irin na Kwatarkwashi, da ganin ƙurar mahara sai su haye da mata da yara da abin da suka iya ɗauka, su jira har masifa ta wuce. Ƙarfin sarautar Kwatarkwashi ke nan. Mu riƙe wannan, gama za mu komo kansa.

Abin Da Ya Kawo Rundunar Kano Zamfara

Mai karatu ya yi tambaya, me ya kawo Kanawa su yi yaƙi a Kwatarkwashi, tafiyar kwanaki daga birninsu? Ga yadda abin ya ke.

Ran 1 ga Janairu 1900 Gwamna Lugga ya ta da tutar Ingila a Lakwaja, ya ce ƙasar Arewa duka ta shiga hannun Ingilishi. Amma faɗi ne kurum, ƙasar ba ta tukuna shiga hannu ba. Sai aka yi ta cinta gari gari. Aka ci Kwantagora da Bida da Yola cikin 1901, aka shiga Bauci da Zariya cikin 1902. Cikin watan Oktoba na 1902 abu biyu suka auku waɗanda suka gaggauta al'amarin. Na fari, Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Razdan Kyaftin Maloni, ya gudu Kano, Sarkin Kano Alu ya karɓe shi da girma. Na biyu, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu, aka naɗa Muhammadu Attahiru ɗan Ahmadu.

Farkon Janairu 1903 Sarkin Kano Alu ya tashi da manyan hakimansa da dawaki wajen dubu biyu, ya tafi Sakkwato ya yi mubaya'a ga sabon Sarkin Musulmi. Yana can sai Kanar Morland ya taso daga Zariya ran 29 ga Janairu da soja ɗari bakwai da wani abu, da igwa huɗu, da bindiga mai ruwa huɗu. Suka fasa Bebeji a kan hanya. Ran Talata, 3 ga Fabrairu, suka shiga Kano. Ganuwar nan da Kanawa su ke taƙama da ita ba ta tsare su ko yini guda ba. Sarkin Shanu, wanda aka bar wa tsaron gidan sarki, ya tsaya ya yi faɗa har aka kashe shi.

Sarki Alu na kan hanyar komowa, ya iso ƙasar Zamfara, labari ya tarye shi. A Birnin Goga, kusa da Ƙauran Namoda, rundunar ta sauka, aka yi ta shawara. Nan fa kan 'ya'yan Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya rabu. Shi Alu da dare ya yi sai ya sulale ya bar runduna, ya yi arewa wajen Gobir. Can aka kama shi aka miƙa wa Turawa, suka kai shi Yola, daga baya suka mai da shi Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Gari ya waye runduna ba sarki. Wambai Abbas ya ga ba amfanin a ƙarar da mutane a banza, ya ja waɗanda suka yarda da shi suka nufi Kano don su sallama. Waziri Ahmadu kuwa ya ce shi ba ya shiga Kano a ƙarƙashin Nasara sai da yaƙi. Uba ɗaya ya haife su su uku, amma kowa da hanyar da ya ɗauka.

Yaƙin Kwatarkwashi

Sa'an nan kuwa Turawa ba su zauna a Kano ba. Janar Kemball ya fito da runduna ya yi yamma, yana neman rundunar Kano, yana kuma nufin Sakkwato. Ya riƙa aika sojan doki kashi kashi su yi gaba su duba hanya. Cikin kwanakin ƙarshe na Fabrairu ɗaya daga cikin kashin nan, wanda Laftanan Wright ke shugabanta, ya yi kiciɓis da jama'ar Waziri Ahmadu a ƙasar Kwatarkwashi.

Bisa ga lissafin da Turawa suka rubuta, Wright na tare da hafsa guda da soja 44, Kanawa kuwa dawaki 1,000 ne da dakaru 2,000. Wannan ƙidayar masu nasara ce, kowa kuwa ya san mai nasara ba ya rage yawan abokan gabansa. Amma ko an rage, ba shakka Kanawa sun ninka su sau da yawa. Sojan suka sauka daga dawakinsu, suka tsaya sahu huɗu, kowane sahu ya fuskanci nahiya guda, dawaki na tsakiya. Barade suka yi ta kawo sukuwa, suna faɗuwa, suna komawa, suna sake kawowa, har wajen sa'a biyu. Waɗansu sun iso dab da sahun kafin harsashi ya same su. Turawan da kansu sun shaida Kanawa ba su watse da gudu ba, sun janye ne cikin tsari. Waziri Ahmadu na cikin waɗanda suka kwanta a wannan karo, shi ya sa Kanawa su ke kiransa Mai Shahada. Wright kuwa aka ba shi lambar Sarauniya Biktoriya, wadda babu lambar jarumtaka da ta fi ta a Ingila.

To, a nan ya kamata mu tsaya mu yi tunani. Hausawa na cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Me ya sa maganar ba ta ci ba a Kwatarkwashi? Ba rashin zuciya ba ne, gama wanda ya tunkari bakin bindiga da takobi ba a ce masa matsoraci. Dalili na fari makami ne. Bindigar sojan ta baya a ke ɗura ta, tana cin nesa, mutum na iya harbi sau da yawa kafin mai bindigar toka ya ɗura sau ɗaya. Dalili na biyu horo ne. An koya wa sojan su tsaya wuri ɗaya, kada kowa ya harba sai an ba da umurni, su kuma harba gaba ɗaya. Dalili na uku, dabarar yaƙin da sarakunanmu suka gada ita ce sukuwar dawaki a fili, wadda ta yi musu amfani shekara da shekaru a kan masu baka da mashi, amma ita ce kuma ta kai su daidai inda harsashi ya fi ɓarna. Akwai kuma abu guda wanda bai kamata mu ɓoye wa yara ba. Turawa biyu ne kaɗai a cikin sahun nan. Sauran duk baƙaƙen fata ne, sojan da Turawa suka ɗauka a ƙasashen nan, da yawansu kuwa Hausa su ke ji. Da hannun 'yan ƙasa aka ci ƙasa.

Dutsen kuwa yana tsaye yana kallo, bai yi wa kowa amfani ba ran nan. Ba a kansa aka yi yaƙin ba, ba kuma dominsa aka yi ba. Abin da a ke jayayya a kai shi ne hanyar da ta bi ta gindinsa.

Faɗuwar Sakkwato Da Hijirar Attahiru

Da rundunar Kano ta watse sai hanyar yamma ta buɗe. Turawa suka ratsa Zamfara, suka haɗu da wata runduna tasu da ta taso daga Argungu, suka tasam ma Sakkwato. Ran Lahadi, 15 ga Maris, 'yan kwanaki kaɗan bayan Babbar Salla, aka yi karo a filin Giginya, bayan ganuwar birni. Kafin rana ta take an gama. Sarkin Musulmi Attahiru ya fita ya yi gabas. Waziri Buhari da sauran manya suka yi shawara, suka komo suka sallama. Lugga ya iso ran 19 ga wata, shi ma ta ƙasar Zamfara ya biyo daga Kano. Ran 21 aka naɗa wani Attahirun, ɗan Aliyu Babba, ya zama Sarkin Musulmi. A wurin naɗin Lugga ya faɗa a fili cewa ikon naɗa sarakuna da ikon haraji sun koma hannun Turawa, ya kuma yi alkawari ba za a taɓa addini ba. Aka bar Manjo Burdon ya zama Razdan na fari a Sakkwato. Farkon Afrilu kuma aka tabbatar wa Abbas sarautar Kano, ya riƙe ta har 1919.

Shi kuwa Attahiru na fari sai ya zo Gusau ya sauka. Turawa sun zaci ya ƙare, gama jama'ar da ke tare da shi ba ta da yawa. Amma daga nan al'amarin ya sāke. Ya kira Musulmi su yi hijira, su bar ƙasar da Nasara suka mallaka, su nufi gabas wajen Makka. Wannan ba sabuwar magana ba ce a kunnen jama'a, gama tun zamanin Shehu a ke cewa ƙarshen al'amarin jama'arsa ƙaura ce zuwa gabas. Da Turawa suka aiko soja su kama shi sai ya tashi daga Gusau, ya bi tsakanin Kano da Zariya. Hanyar gabas daga Gusau kuwa ta ƙasar Kwatarkwashi da Tsafe ta ke bi.

Ku duba lokacin da abin ya faru. Bazara ce, ana sharar gona, ana jiran ruwan shuka. Duk da haka talakawa suka riƙa barin gonakinsu da gidajensu, maza da mata, tsofaffi da yara, suna bin Sarkin Musulmi dubu dubu, har Turawa suka rubuta cewa waɗansu garuruwa sun zama kamar kufai. Manya ma sun bi, kamar Magajin Keffi da Sarkin Misau Ahmadu. Tafiya ta kai su Burmi, kusa da kogin Gongola, cikin Jihar Gombe ta yanzu. Ran 13 ga Mayu mutanen Burmi suka kori sojan da suka fara kawo musu yaƙi. Turawa suka sake shiri suka komo. Ran Litinin, 27 ga Yuli, aka yi yaƙi tun hantsi har yamma. Aka kashe Attahiru da mutum fiye da 600, a wajen Turawa kuma aka kashe shugaban rundunar, Manjo Marsh. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ja sauran jama'a suka ci gaba, har daga baya suka zauna a ƙasar Sudan, a bakin kogin Nilu, suka kafa garin da a ke kira Mai Wurno. Zuriyarsu na can har yau, suna jin Hausa da Fillanci.

Abin Da Shekarar Ta Bari

Sarakunan Gusau da Tsafe da Bungudu da Kwatarkwashi ba su tara runduna sun yi yaƙi da Turawa ba. Da Sakkwato ta bi, su ma suka bi. Aka sa ƙasarsu cikin Lardin Sakkwato, sannu a hankali aka mai da su hakiman gunduma, masu tara haraji su kai baitulmali. Aka hana kai hari, aka rufe kasuwar bayi. Maharan Maraɗi da Tsibiri kuwa suka sami kansu a hannun Faransa, iyaka ta raba su da mu.

Nan ne amfanin dutse ya ƙare. Tun da ba mahara, me mutum zai zauna yi a wurin da ruwa ke da wuyar ɗauka, gona kuma ke da nisa? Ganuwa ta riƙa zubewa ba mai gyarawa. Arziki ya koma bakin hanya. Da aka ja hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta bi ta Gusau, ta kai Ƙauran Namoda a 1929, sai kamfanoni suka kafa kantuna a Gusau, aka kafa injin gurzar auduga, gyaɗa da auduga suka riƙa taruwa can daga ko'ina cikin Zamfara. Baƙi suka zo daga Kudu da sauran wurare suka zauna. Garin da aka kafa don tsaron iyaka ya zama garin ciniki, ya shige tsofaffin garuruwan da suka girme shi. Da aka yanke Jihar Zamfara daga Jihar Sakkwato ran 1 ga Oktoba 1996, Gusau aka ba hedkwata. Kwatarkwashi kuwa, ko da ya ke tana da sarkinta, tana cikin ƙaramar hukumar Bungudu ne. Wanda ya ke neman mafarin wannan juyi, to, ya koma 1903.

Saura magana guda, ita ce kuwa mafi nauyi. In yaro ya tambaye mu a aji, wa ya fi gaskiya cikin mutanen nan, me za mu ce masa? Yana da sauƙi mu da mu ke zaune cikin inuwa mu yanke wa mutanen da hukunci. Waziri Ahmadu ya zaɓi mutuwa a kan ya ga birnin ubansa a hannun baƙo, ya kuwa sami abin da ya nema, amma mutuwarsa ba ta komo da Kano ba. Attahiru ya zaɓi ya bar mulki da ƙasa ya tsira da addininsa, amma dubban talakawan da suka bi shi sun sha yunwa da ƙishirwa, da yawa ba su ga gida ba, ba su kuma ga Makka ba. Wambai Abbas da Waziri Buhari suka zaɓi zama. Waɗansu sun zarge su, har shi Waziri Buhari ya rubuta wasiƙa zuwa ga malamai yana bayyana hujjarsa, cewa in manya duka suka tafi ba mai tsaya wa talakawan da ba su iya tafiya, ba kuma mai riƙe salla da shari'a. Zamansu ya sa sarauta da alƙalanci da makarantun allo suka wanzu, amma a ƙarƙashin ikon wani, har shekara 57, sai 1960.

Mu dai a ganinmu, aikin malami shi ne ya shimfiɗa wa yara hanyoyin nan uku, da abin da kowace ta jawo na riba da hasara, ya nuna musu ba wanda ya zaɓi tasa don wasa. Sa'an nan ya tambaye su abin da ya sa mutum dubu uku suka kāsa mutum arba'in da 'yan kai, ya bar su su yi ta juya tambayar har su gane da kansu cewa ilmi da shiri da haɗa kai su ne suka yi ƙaranci, ba jarumtaka ba.

Muna kuma roƙon 'yan'uwanmu waɗanda za a tura makarantun Gusau da Tsafe da Bungudu, kada su koyar da wannan labari daga littafi kaɗai. Dutsen na nan, hanyar na nan. A kai yara su gani da idonsu, gama gani ya kori ji. A kuma sa su tambayi tsofaffin gidajensu abin da suka ji daga bakin kakanninsu game da shekarar zuwan Nasara, wa ya bi Sarkin Musulmi daga garinsu, wa ya komo, wa bai komo ba, su rubuta su kawo. Abin da Turawa suka gani ran nan sun rubuta shi tun tuni. Abin da mutanen gindin dutsen suka gani kuwa yana bakin tsofaffi, kullum kuwa raguwa su ke yi.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa mu amfana da labarinsu, amin.